Mai Ɓare Kirfa

Shekara talatin ina ɓare kirfa a Meetiyagoda,
sandar tagulla a dama, reshe a kan gwiwa.
Na san inda ɓawo yake sakin itace,
na san inda yake kafewa.
Hannuna na sani. Zuciyata ce baƙuwa.

Ɗana Tharindu ya fita da kwalekwale ranar Talata.
Ya bar rabin shayinsa a bakin taga,
ya ce kada in zubar, zai dawo ya shanye.
Teku ta maido mini da filafili guda
da takalminsa na hagu.

Wata bakwai ina dafa shinkafar mutum biyu.
Wata bakwai ina wanke kofin nan,
in sake zuba rabi, in mai da shi inda ya bari,
ƙudaje su taru, in kore su da zagi.

Ranar cikar wata na tafi haikali,
ba don ibada ba, gidan ne ya yi mini yawa.
Na iske tsohuwa Sudharma, kai a aske, mayafi ruwan goro,
tana sharar ganye a gindin itacen bo.
Tana sharewa, iska tana kakkaɓo wani.
Na ce, Uwa, wannan ai wahalar banza ce.
Ta ce, wa ya gaya miki ina neman in gama?

Na zauna a kan yashi.
Ban yi niyyar magana ba, maganar ce ta ɓalle.
Na ce teku ta cuce ni.
Ta jingine tsintsiya, ta daɗe tana dubana.
Ta ce, teku ta ɗauke shi sau ɗaya.
Wa yake ɗauke shi kowace safiya?

Da ba don furfurar girarta ba, da na mare ta.

Ta buɗe baki ta nuna mini haƙora uku.
Su suka rage, in ji ta.
Kowanne da ya fita sai da na yi jayayya da shi,
babu wanda ya dawo don na fi shi gaskiya.
Haihuwa ciwo, tsufa ciwo,
rabuwa da wanda kike so, zama da abin da kike ƙi.
Wannan rabon duk mai numfashi ne.
Amma akwai wani ciwon da muke saƙawa da hannunmu.
Buda ya kira shi ƙishirwa:
mu ce wa abin da ke wucewa, tsaya,
mu ce wa abin da ya riga ya zo, koma.
Mai shan ruwan gishiri, 'yata,
maƙogwaronsa ba ya godiya.

Na ce, to in manta da shi ke nan?
Ta ce, ni ban ce ba.
Ke da kike ɓare kirfa, in ɓawo ya ƙi, ya kike yi?
Na ce, murza shi nake da tagulla har ya yi laushi.
In na fizge, yagewa yake.
Ta ɗauki tsintsiyarta.

Ban zubar da shayin a daren ba.
Sai da aka kwana tara.
Na kai shi bayan gida, na tsiyaye a gindin kirfa,
na wanke kofin, na sha ruwa da shi.
Na yi kuka har kare ya daina haushi.

Har yau hannuna yakan ɗebi shinkafar mutum biyu.
Ba na yi masa faɗa.
Rabin nakan miƙa wa Dilini ta kan katanga,
ita da cikinta na wata shida.
Ciwon yana nan, yana zaune kusa da ni lokacin aiki.
Na dai daina dafa masa abinci.