Baƙon Cikin Hula

A gonar kakanta, can kan tuddan Wales,
ranar yankan ciyawa,
Nerys ta shigo da wani abu a hula,
zuciyarsa na dakan lugude.
"Kaka, na tsinci maraya."

Tsoho Idwal ya jingine lauje,
ya duba tsinin kunne:
baƙi, kamar an tsoma a tawada.
"Zomon daji ne, ba irin na kejinki ba.
Naki tsirara ake haifarsu, makafi,
a rami, wani kan wani.
Shi da gashinsa ya zo, ido buɗe,
gadonsa lotsawar ciyawa.
Uwar tana nan.
Sau ɗaya take zuwa, in rana ta faɗi."

"Zan ba shi karas. Zan raɗa masa suna."

"Zai ci, ya girma,
sannan ya yi ta dukan waya da ka
har jini.
Ƙafar da aka ƙera don gudu
ba ta san akwati ba."

Da almuru suka mayar da shi.
Daga bayan katangar dutse
ta hangi dogayen kunnuwa sun keto raɓa.

Ta koma gida riƙe da hula,
da sauran ɗumi a ciki.