Waƙoƙin Kakana Anacleto

Dubu huɗu da ɗari biyu da sha tara.
Na ƙirga su daren Talata a Massarelos,
ruwa na dukan taga, kogin Douro ya cika ya batse,
kakana Anacleto na minshari, hularsa a gwiwa.

Wasu na cikin kwamfutar da sai ta yi tari take tashi,
wasu a wayarsa mai tsagaggiyar fuska,
wasu a filashin da ke maƙale a motar Kawu Telmo,
sauran a 'yar sifikar kicin
inda Kaka Deolinda ke jiƙa busasshen kifi tana bin amshi.
Waƙa ɗaya, gida huɗu,
kowane gida da sunan da ya raɗa mata.

Sunayen kuwa, sai wanda ya gani:
"Gadar ƙarfe, da asuba."
"Ranar da birki ya ƙi."
"Mai jar laima."
"Kar Deolinda ta ji."
Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan taragon lantarki
daga Infante har bakin teku,
kowace waƙa ya ajiye ta a inda ta same shi.

Na ce wannan ai kasuwa ce ta watse.
Na naɗe hannun riga.
Manhaja ta ce: wane mawaƙi? wane faifai? wace shekara?
Na yi ta ba ta amsa kwana tara,
ina tsince su kamar tsakuwa a shinkafa.
Maimai ɗari bakwai na share ban ko ƙifta ba.
Na zuba komai a rumbu guda
na ce wa waya da kwamfuta da mota da kicin:
daga yau rijiyarku ɗaya,
abin da ɗaya ta sha, kowa ya sha.

Ran Lahadi na miƙa masa wayar ina taƙama.
Ya sa tabarau.
Yatsansa ya gangara, ya hauro, ya sake gangarawa.
"Iolanda, ina ranar da birki ya ƙi?"
Na ce faɗa mini mawaƙin kawai.
Ya ce, "Ban taɓa tambayarsa sunansa ba."
Ya kife wayar a kan tebur a hankali,
yadda ake mayar da takalmin da ba naka ba.

Gyaran gangar Abzinawa ke nan.
Allah ya so ban jefar da tsohon faifan ajiya ba.

Sai muka koma baya, dare bayan dare,
ni da allon rubutu, shi da kofin shayinsa.
In kunna, ya rufe ido, ya ce: kwanar Alfândega, hazo.
In rubuta a ɗan gurbin ƙasa
da manhaja ta bari don abin da ba ta san amfaninsa ba.
Cikin waɗanda na share har da wata
mai minti uku da daƙiƙa hamsin da biyu,
'yar'uwarta uku da arba'in.
Na'ura ta ce tagwaye ne.
Daƙiƙa sha biyun nan, ashe, ƙararrawar taragonsa ce
da muryar wani yaro mai neman canji.
Yaron babana ne.

Yanzu duk na'urorin gidan bakinsu ɗaya,
kuma a nan aka kwana:
jiya da hantsi "Kar Deolinda ta ji"
ta bi iska ta sauka a kicin.
Wuƙa ta tsaya a kan albasa.
Kakana ya nemi hularsa, ya rasa ƙofa.

"Ta mai jar laima ce, ko?"
Kaka ta faɗa, ba ta ko waiwaya ba.
"Ƙara mata murya, Iolanda.
Ni na ara mata laimar."