Ƙofar da Kulu Ta Rufe

Ni baduku ne, a Madunka aka binne cibiyata.
Jar fata na sani, da zare, da basilla.
Imel kuwa, 'yata Kulu ta buɗe mini shi
saboda masu odar jakunkuna daga Legas.

Sai ga baƙi ba sallama.
Wata ta ce ita matar wani marigayi ce,
kuɗi sun yi mata yawa, amintacce take nema.
Wani ya ce na ci mota,
ni da ko kati ban taɓa riƙewa ba.
Wani ya zo da rigar banki, da tambari da komai,
ya ce in ba shi lambar sirri kafin la'asar.
Na ba shi.
Dubu arba'in da bakwai,
guminmu na wata guda ni da yarona,
suka bi ruwa kamar an zuba su Gulbin Rima.

Kulu ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi zafi ke nan.
Ta karɓi wayar, ta zauna kan turmi,
yatsanta na tafiya kamar kaza na tsintar gero.
Ta ce, "Baba, na rufe.
Duk wanda ba ka sani ba, shara zai faɗa."

Na samu barci.
Wanda maciji ya sara, ko igiyar guga ya gani sai ya ja baya.
Damina ta shigo, ta wuce,
waya ta yi shiru kamar masallaci bayan isha'i,
na ce madalla da ƙyaure.

Ran wata Laraba, ina jiran mai gyaran babur a Gawon Nama,
zaman banza ya sa na leƙa sharar.
Ga su nan jibge, matar marigayi har yanzu tana kuka,
mai motar bai gaji ba.
Can ƙasa, tsakanin maganin sanƙo da wani bashi marar ruwa,
layi uku, ba ado:

"Sunana Nuhu, ɗan Jabbi.
Babana yana kwance a Kumasi.
Ya ce ka yafe masa kuɗin fatu shida."

Jabbi!
Tabarma ɗaya muka koyi ɗinki,
wuƙa ɗaya ta yanke mu a yatsa ɗaya.
Shekara talatin da ɗaya da ya bi motar goro
bai ce mini sai an jima ba.
Fatu shida? Wallahi na ɗauka biyar ne.

Na duba kwanan wata: kwana ashirin da shida.
Kulu ta ce a na talatin na'ura ke share komai.
Saura huɗu, da ban taɓa sani ba.

Nan bakin titi na rubuta, hannu na rawa,
na yafe, na yafe, ya kira ni.
Har yau ba amsa.
Wataƙila yaron ma ya rufe tasa ƙofar,
ni ne yanzu baƙon da ba a sani ba.

A zauren mahaifina, baƙo kan yi sallama,
a ji muryarsa, a dubi ƙurar ƙafarsa,
a ba shi ruwa kafin a tambayi sunansa.
Nan kuwa ɓarawo da ɗan amini
riga ɗaya suke sawa.

Ban ce Kulu ta buɗe ba.
Dubu arba'in da bakwai ba su dawo ba.
Amma duk Juma'a, in na sauko daga masallaci,
nakan zauna in tona sharar nan da hannuna,
ɗaya bayan ɗaya,
yadda nake juya fata a Kara
ina neman wadda ba ta da huji.