Kwalin da Babu a Lissafi

Ran Talata muka fasa kwantenar a Ƙofar Ruwa,
inji ashirin da huɗu daga Japan, da giyabos bakwai,
ni da Tasi'u muna ja, baƙin mai har gwiwar hannu.
Can ƙurya, bayan tayoyin da aka ɗaure,
sai ga kwali sakayau, ko yaro ya ɗauka da hannu ɗaya.
Alhaji Zakiru ya bi takardarsa da yatsa har sau biyu.
Babu shi a ciki.

Muka yanka. Kofuna goma sha biyu,
ja, shuɗi, ruwan ɗorawa, kore,
kowanne da rubutu kamar kaza ta taka tawada ta wuce.
In ka girgiza, sai ka ji tsakuwa a gwangwani.
Tasi'u ya ce taliya ce, ga hotonta,
a nannaɗe kamar sifirin ɗin kabireta.

Alhaji ya ce kada bakin kowa ya taɓa
sai an san da me aka yi.
Aka kira Mudassir daga shagon waya,
ya haska wayarsa, ta karanto mana:
jan nan jatan lande ne da ƙwai,
shuɗin tarkacen teku,
ruwan ɗorawa kori da dankali.
Sannan ya matsa kan ƙananan haruffan ƙasa,
ya yi shiru, ya ɗago:
da romon alade a cikin tara.

Tara suka tsallaka kwata zuwa rumfar Obiora,
ya karɓa yana dariya, ya aiko mana lemo.

Saura uku, kore.
Taliya mai kauri, romon kifi,
da wani fallen abu a kwance a sama.
Mudassir ya ce, wallahi awara ce.
Awara! Ta ƙetaro teku wata biyu
ta tarar da 'yar'uwarta ana soyawa a bakin titi.

Habu mai shayi ya tsiyaya ruwan zafi yana tsaki:
ba albasa, ba mai, ba attaruhu, ba kasko,
to ina aikin mutum a nan?
Muka danne murfin da sifana,
minti biyar muna tsaye kamar masu jiran kiran salla.

Ni dai na ji zaƙi inda ban zata ba,
da ƙarnin ruwan da ban taɓa gani da ido ba.
Tasi'u ya kwance ƙullin yajin aljihunsa ya zazzaga,
ya ce yanzu ta shigo gari.
Alhaji ya kurɓi romo, ya ce ba laifi,
ya kuma kurɓa, bai ƙara magana ba.

Da dare na yi ta tunanin wanda ya cusa kwalin.
Wani lebura ne irina, da baƙin mai a farce?
Abincin watansa ya manta, aka rufe ƙofa da shi,
ko ya ce bari na can ƙarshen su ma su ɗanɗana?
In mantuwa ce, malam, ka yafe, mun ci.

Kofin yana nan kan shantata.
Na wanke, na zuba notuna 'yan lamba goma,
waɗanda kullum suke ɓata.
In kwastoma ya tambayi abin da aka rubuta a jiki,
sai in ce sunan wani abokina ne,
ba mu dai haɗu ba tukuna.