Sulusin Gwangwani

Ranar Laraba Mushe Ilyasu ya zana tsini a tablo,
ya zaunar da shi kan da'ira kamar malfa bisa tabarma.
Ya ce: faɗin gindi sau tsayi, sannan ku raba uku.
Na ɗaga hannu na ce, don me uku?
Ya dube ni, ya dubi agogo,
alli ya karye masa, ƙararrawa ta cece shi.

Na koma Mokoyo da tambayata cikin jaka,
tsakanin kaye da guntun ƙuli-ƙuli.
Baba na zaure yana ƙwanƙwasa kwano.
Bai taɓa ɗumama bencin lakwal ba,
amma duk mai man gyaɗa daga nan har Tibiri
da mazurarinsa take ɗura kwalba.

Na karanta masa. Ya ce, sake, da bakin gida.
Na sake. Ya yi shiru, ya sosa gemu da almakashi.
Ya jawo gwangwanin tumatir, babban nan,
ya yanki falle, ya naɗe shi ya yi tsini,
baki daidai da baki, tsayi daidai da tsayi,
ya toshe ƙasan da babban yatsa.
Je ka, in ji shi, ɗebo geron uwarka,
kada ka bari ta gani.

Ta gani.
Tun daga madafa muryar Inna Tasalla ta riga ni zaure:
tuwon dare ne kuke wasa da shi!

Ya cika, ya shafe baki da tafin hannu
kamar mai awon da ke tsoron Allah. Ya juye.
Gero ya kwanta can ƙasa, ko kunya babu.
Na biyu ya hau, ya wuce rabi.
Na uku na riƙe numfashi,
ƙwaya ta ƙarshe ta zauna a baki, ba ragi, ba doro.
Ga ukunka nan, in ji shi. Share min wuri.
Kaji suka riga tsintsiya.

Duk da haka na sha jan biro ranar Jumma'a.
Na auna gefen da ya jingina, na kira shi tsayi.
Baba ya kai ni bayan gida, gindin rumbu,
ya nuna jinka da haɓa:
ruwan sama gangara yake bi, hanyarsa doguwa ce,
amma kai daga tsini za ka sako,
ka faɗo tsakiya sak, kamar guga cikin rijiya.
Wanda ya auna gangara ya sayi iska.

Yau shekara goma sha tara.
Ni ke karɓar yashin Gulbi a wurin gini, hanyar Madarumfa.
Tifa ta juye, tsibi ya tashi da kansa,
ba wanda ya koya wa yashi yin tsini.
Direba Ɗan Jimma ya rantse da kabarin kakansa mota cike take.
Ban ce masa komi ba.
Na zagaye gindin da igiya, na kafa gora na daidaita da ƙololuwa,
na duƙa na yi lissafi a ƙasa da tsinke,
na raba uku.
Saura amalanke biyu, na ce.
Ya dubi tsibin, ya dube ni, ya tofar da goro:
kai ɗan wane ne?

Ɗan mai mazurari.

Shi yana can maƙabarta, ƙarƙashin tudun da bai yi tsini ba.
Mazurarin na nan rataye a ƙusa, ya yi tsatsa a wuya.
Inna kan sauke shi ranar tuyar mai,
ta ce yana yoyo ta wajen ɗinkin,
kuma har gobe muna da bashin rabin tiyar geronta.