Noti Ɗaya Ya Rage

Wata bakwai tana tsugune a gareji,
ƙafa huɗu kan bulo, bonet a wangale kamar mai hamma.
Kaji sun mai da kujerar baya ɗakin ƙwai.
Barira ta ce, "Ka kira 'yan gwangwan,
a sa mini injin markaɗe a gurbinta."
Na ce, motar da ta kai ki asibiti daren haihuwar Sabi'u,
ruwan Jos na zuba kamar da bakin ƙwarya,
ba a ɗora ta a sikeli.

Ran Asabar muka rataya sarƙa a ƙarfen rufi,
ni da Dalyop maƙwabcina,
wanda ya tsufa a ƙarƙashin motocin kuza a Bukuru.
Muka ja, muka huta, muka ja.
Inji ya fito yana lilo, yana ɗigar baƙin mai,
muka kwantar da shi kan tsohon ƙyaure.

Daga nan sai fiɗa.
Fistin huɗu a jere kan buhun siminti,
na uku ringinsa ya karye gida biyu.
Gaskit ya ƙone kamar ƙanzon tukunya.
Kowane noti da gwangwaninsa,
na madara, na tumatir, na sardin,
Sabi'u na rubuta suna da alli a jiki.
Daron wankin Barira ya sha kananzir,
har yau ba ta yafe ba.

Sau uku ina sauka Dilimi.
Ikenna ya rantse ringin na asali ne,
na rantse kuɗin fansho ne,
muka haɗu a tsakiya, kowa na ƙunƙuni.

Sanyin Rikkos ba ya jin bari.
Da asuba sifana na cizon yatsa,
sai mun ɗumama hannu a kan gawayi.
Sabi'u na karanto ƙa'idar ɗauri daga waya,
Dalyop ya ce, "Yaro, lambar tana nan,"
ya nuna wuyan hannunsa.
Idonsa ya yi hazo, ba ya ganin zaren noti,
amma yatsansa na karanta ƙarfe
yadda liman ke bin allo.
A ƙarshe yaro ya ɗaure, tsoho ya taɓa,
ba wanda ya ci wani gyara.

Mayarwa ta fi cirewa wuya.
Inji na reto, giya ta ƙi karɓarsa,
kamar dangi biyu da suka daɗe da gaba.
Ɗaga kaɗan. Sauke. Karkato hagu.
Tun azahar har aka kira la'asar,
sai muka ji ƙwas,
ƙarfe ya gane ɗan'uwansa.

Na murɗa makulli. Tari.
Na sake. Tari, da shiru.
Muka duba filogi, muka zargi batir,
Dalyop ya hura kafireto da bakinsa.
Barira na bakin ƙofa, hannu a ƙugu:
"Malamai, kun ba ta abin sha kuwa?"
Ta miƙo galan ɗin janareto.

Ta yi atishawa, ta girgiza,
ta tofar da hayaƙi shuɗi,
kaji suka watse,
sannan murya ta daidaita,
irin wadda na sani tun ina da baƙin gashi.
Dalyop ya kafa sukundireba a kan inji,
ya manna kunne a ƙota, ya rufe ido.
Ya daɗe.
Da ya ɗago bai ce komai ba,
goro kawai ya ɓara, ya ba ni rabi.

Da muka share wuri,
a gindin gwangwanin sardin
noti ɗaya ya rage.
Mun duba sama da ƙasa, ba mu ga gidansa ba.
Yana aljihuna yanzu.
Mun hau Naraguta, mun sauko lafiya,
amma duk ramin da muka faɗa
sai na kai hannu na taɓa shi.