Shekarar da Yaro Ya Zo

Littafina ya sha gishiri har ya kumbura.
Ni Eulalia, shekara goma sha ɗaya ke nan
ina ƙirga giwayen teku a tsibirin San Benito,
inda iska ke shigowa ɗaki babu sallama.

Tun watan Oktoba kawu Crisanto,
wanda nutso ya cinye masa kunne ɗaya,
ya tsoma gwiwar hannu a ruwa
kamar mai gwada ruwan wankan jinjiri.
Ya ce, "Da ɗumi. Yaro na tafe."
Haka masunta ke kiransa, El Niño, Yaro,
baƙon da ba ya faɗin ranar zuwansa,
wani sa'in bayan shekara uku, wani sa'in bakwai.

Can tsakiyar teku iska ce ke yin kasala,
ruwan ɗumi ya kwanto gabas kamar bargo,
mai sanyin da ke ƙasa, mai ɗauke da abinci,
ya yi ta laluben ƙofa bai samu ba.
Ƙananan kifaye masu fitila a ciki su watse,
mai feshin tawada ya canja unguwa.
Kasuwa ta tashi, ba a gaya wa mai cefane ba.

Akwai wata da nake kira Mai Tabo,
haƙoran babban kifi sun yi mata zane a kafaɗa.
Wata takwas take yi ba ta taɓa ƙasa,
ta nutsa inda rana ba ta da labari,
ta taso, ta ja numfashi, ta koma,
barcinta ma a kan hanyar nutso take yi.
Bara ta fito tana rawar kitse.
Bana na ga ƙashin bayanta tun daga nesa,
fatar ta yi mata yawa kamar rigar aro.

Duk da haka ta haihu, daren Laraba,
ɗa baƙi wuluk, mai kuka kamar ƙofar da ta yi tsatsa.
Uwa a nan ba ta ci, ba ta sha, mako huɗu cur,
jikinta take narkarwa ta zuba masa a baki.
Abin da teku ya hana ta,
daga ina za ta ciro shi?

Mazan kuwa suna can suna ta gurnani,
hanci na lilo, ƙirji duk jini,
ana rigimar gado a gidan da tukunya ta bushe.

Sai hadari ya haɗu da cikar ruwa.
Na kwana ina jin duwatsu suna tauna juna.
Ranar Talata na rubuta ɗari biyu da sha biyu.
Ranar Juma'a na ƙirga sau uku,
don ko idona ne,
ɗari da arba'in.
Iyaye na bin yashi suna sansana 'ya'yan wasu.

Nata ya tsira, ta tura shi bayan wani dutse.
Ta yaye shi da sauran kwana biyar.
Da muka ɗora shi a ma'auni
Crisanto ya kau da kai, ya ce igiya ce ta kwance.

Baɗi ruwa ya yi sanyi har yatsu na ƙagewa,
tsuntsaye suka dawo, raga ta yi nauyi.
Ta zo ita kaɗai, ba ciki,
ta kwanta ta watsa yashi a bayanta.
Jiki ma yana da nasa littafin bashi.

Yau da asuba, shekara biyu bayan Yaro,
na hango tabon nan a cikin hazo,
da wani baƙin abu yana mutsu-mutsu a gefenta.
Na lashi bakin fensir.
Ban rubuta ba tukuna.
Kawu yana can ƙasa, ya naɗe hannun riga,
ya sunkuya kan ruwa.